Jinginar Ayashe

Wata Laraba ce a tsakiyar damunar 1984, bayan la'asar, ina tsaye a kan tsohon turmin da muka kife a gindin tsamiya ina kiran sunayen 'yan ƙasata. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya haɗu har kaji sun fara neman akurki, amma babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi, don a shekarar nan mun riga mun san halinsa: ya taru, ya yi rugugi, iska ta zo ta kwashe shi, ta bar mu da yashi a ido. Na kira Nomau, shiru. Na sake kira da cikakkiyar sarautarsa, Sarkin Yaƙi Nomau, shiru. Sai wani daga baya ya ce ai gidansu sun tafi cin rani tun jiya, sun toshe ƙofa da ƙaya. Cin rani da damina? Ko ni da nake 'yar shekara goma sha ɗaya na san maganar ba ta zauna ba, domin cin rani sai an girbe an kai rumbu, maza su tafi neman na kashewa, su dawo da ruwan farko. Amma ba tsoro na ji ba, haushi na ji. Mu ashirin da uku muka kafa ƙasar nan, ga shi ranar mutum goma sha ɗaya na ƙirga, har da ni da ke kan turmi.

Sunan ƙasar tamu Jamhuriyar Tsibiri. Wani tudu ne a tsakiyar tafkin bayan ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Sabon Birni da Isa in an ratse daga babbar hanya. A shekarun arziki ruwa ke kewaye tudun tun farkon damina har sanyi ya shigo, ba mai zuwa sai masunta. Da ruwa ya yi ƙaranci a shekarar da ta gabata, tafkin ya ƙafe, laka ta tsattsage, muka taka da ƙafa muka hau, muka ce mun ci ƙasa da yaƙi. Yayana Ummaru ne ya ba ni dabarar bai sani ba. Yana bin mahaifinmu fatauci zuwa Maraɗi, in ya dawo sai ya cika mu da labarin iyaka, yadda ake gicciya sanda a hanya, yadda 'yan duwan, wato kwastan na can, ke zazzage kaya suna tambayar katin shaida. Ni kuwa sai na ga ashe ƙasa ba komai ba ce illa sanda a gicciye da mai tsaronta. Muka zuba toka muka zagaye tudun, muka gicciya kara a mashiga, muka ɗaura tsumman zanen kakata a kan gora ya zama tuta. Kowane ɗan ƙasa aka ba shi sakaina, aka zana mata tsagar gidansu da ƙusa, ita ce katinsa. Muka kuma lashi toka muka rantse cewa duk wanda ya kai asirin ƙasa kunnen manya, bakinsa ya karkace.

Ni ce shugaba. Ba zaɓe aka yi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa: na fi kowa baki, na fi yawancin mazan tsawo, turmin ma namu ne. Kakata takan ce, "Kulu, da za a ba ki garin ga, ko zakara sai ya biɗi izini kahin shi yi cara." In an tashi daga makaranta, kowa ya ɗebo ruwa, ya kai abinci gona, ya ɗaure awaki, sai a haɗu a Tsibiri. Maza su yi langa har gwiwoyinsu su saɓule, mu mu yi carafke da gaɗa, a dafa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, a yi shari'ar wanda ya tsallake toka ba kati. Ni ce alƙali, ni ce mai gabatar da ƙara, kuma ban tuna ranar da aka wanke wanda ake tuhuma ba.

Waziriyata ita ce Ayashe, kuma duk cikin ashirin da ukun nan ita kaɗai ce in ba ta zo ba nake jin wasan bai yi daɗi ba. Ba ta da surutu, amma in na yi zafi takan ja gefen zanena sau ɗaya, sai in sauko. Ayashe 'yar wabi ce. Uwarta, Gwaggo Hajo, ta haifi biyar kafin ita, duk ta binne su ba su bar nono ba. Da aka haife ta sai aka sa mata wannan suna na wulaƙanci, wai ko mutuwa ta raina ta ta wuce, aka kuma kai ta maƙera aka murɗa mata ƙarfe a ƙafar hagu, da 'yan zobba uku a jikinsa masu kacau-kacau. In ta ƙara girma ya matse, a koma wurin maƙeri ya ɗan buɗa shi, amma hannu ba ya cire shi. Gwaggo Hajo ba ta taɓa nuna tana son 'yarta a gaban mutane ba, kullum tsawa da hantara. Amma in tana daka sai a ga ta tsaya da taɓarya a sama, ta kasa kunne, sai ta jiyo kacau ɗin nan daga bayan danga sannan ta ci gaba da dakanta.

A damunar da nake ba da labari, shuka uku aka yi. Ta farko ta fito ta ƙone, ta biyu tsuntsaye da ɓeraye suka tone, ta uku ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya naɗe kamar an gasa. An fita roƙon ruwa har sau nawa, manya da yara da dabbobi, aka dawo da zufa. Fulani suka riƙa wucewa kudu da shanun da ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, wasu su durƙushe a bakin hanya, mai su ya tsaya ya dube su ya wuce. Mata suka shiga daji neman anza da tafasa, suka tsige kukoki tas, daga baya aka fara ganinsu da sassafe da fartanya suna haƙar gidan tururuwa don 'yan ƙwayoyin da ta tara. Ƙarar daka ta ragu a gari. Da yamma in ka hau Tsibiri ka dubi ƙauye, sai ka iya lissafa gidajen da hayaƙi ke tashi. Namu yana cikinsu kullum, domin ko da aka rufe iyaka a shekarar, mahaifinmu ya san hanyoyin daji, kuma tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Shi ya sa ban gane komai ba. Mai ƙoshi da ɗan mulki a hannu, ai ba a fi shi makanta ba.

Ni a wurina matsalar ƙasa ɗaya ce: mutane sun daina zuwa, waɗanda ke zuwa ma ba sa taɓuka komai. Langa ta mutu, don ba mai iya tsalle da ƙafa ɗaya. Gaɗa ta koma tafi biyu a zauna. Na ce lalaci ne. Na tuna ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, na ce to bari in saye yawan da sarauta. Na naɗa Marafa, na naɗa Ubandawaki, na naɗa Sarkin Rafi a ƙasar da ba ɗigon ruwa, har wani ɗan tsito mai majina da ko sunan ƙasar bai iya faɗa ba ya zama Magajin Gari. Cikin mako guda ba sauran talaka a Tsibiri, kowa basarake ne, amma hakan bai hana Marafa da Ubandawaki tafiya cin rani rana ɗaya ba.

Da sarauta ta gaza sai na koma ga ciki. Na riƙa lallaɓar innata tana ba ni gumba da ƙuli-ƙuli, na yi shela cewa duk ranar kasuwa akwai walimar ƙasa. Ranar farko har waɗanda suka yi wata ba su leƙo ba suka zo, da ƙannensu a goye. Na hau turmi ina murna, na fara jawabi, amma babu mai saurarena, idanu duk suna kan ƙwarya. Aka raba, aka cinye, aka lashe hannu, aka watse. Na ga Ayashe ta gutsuri kaɗan ta ƙulle sauran a bakin zane, na yi mata tsawa cewa abincin ƙasa ba ya tsallake iyaka. Ta dube ni, ta kwance, ta cinye a gabana. Sai da na girma na gane wa ta so kai wa.

Dokar da ta zama ajalin wasan, ita ma daga bakin Ummaru na tsince ta. Ya taɓa ba mu labari cewa wani lokaci masu tsaron iyaka sukan riƙe katin mutum ko kekensa, su ce ya shiga ya ci kasuwa, in ya fito ya karɓa, don sun san dole ya biyo ta nan. Na ce yauwa, magani ya samu. Na kafa doka cewa duk ɗan ƙasar da zai yi tafiya sai ya bar jingina, kuma ba kowane tarkace ba, sai abin da ya fi so a duniya. Muka binne wata tsohuwar tukunya a gindin tsamiya muka rufe ta da faifai da ƙasa. Aka fara kawowa: danƙon harbin tsuntsu, motar kara, ɗan madubi mai tsaga, duwatsun wuya uku a zare, allon wani yaro da wankinsa bai bushe ba. Kowa ya ajiye sai in ce masa, "Sai ka dawo." Tukunya tana cika, tudu yana yin fili, ni kuwa ina ganin dabarata na aiki, tunda duk mai kaya a nan dole ya waiwayo.

Wata ranar Lahadi da hantsi Ayashe ta same ni ni kaɗai a Tsibiri. Ta zauna a kan saiwar tsamiya ta daɗe tana zane a ƙasa, sannan ta ce, "Baba ya ce za mu cin rani. Jibi muka tashi, da amalanken su Malam maƙwabcinmu, har Isa, can mu hau mota." Maimakon in yi kuka, wanda shi ne gaskiyar abin da ke raina, sai na haye turmi na tambaye ta jingina. Ta miƙo duwatsun carafkenta, na ce duwatsu sun cika duniya. Ta ce tsinken kitso, na ce ba nata ba ne. Ta ce, "Wallahi za ni komowa in ruwa ya sabka, Kulu." Na ce duk haka suka ce. Can sai ta miƙe ƙafar hagu, ta kama ƙarfen nan da hannu biyu, ta murza shi ta dunduniya. Ya fito salin alin. Ƙarfen da bara sai da maƙeri ya buɗa shi don ya matse ta, shi ne ya zame kamar awarwaro a hannun jariri. Abin da ya kamata in gani ke nan, ƙafar da ta zama kara. Ni kuwa abin da na gani daban: Gwaggo Hajo ba za ta taɓa fita garin nan da 'yarta ba ƙarfe ba. Ba jingina kawai na samu ba, na samu abin da zai hana tafiyar ɗungurungum. Na karɓa, na sa a tukunya, na tuna mata tokar da ta lasa.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Ayashe ta ce wa uwarta faɗuwa ya yi ba ta sani ba. Aka duke ta, ba ta canza magana ba. Gwaggo Hajo ta fito ba mayafi, ta bi hanyar rijiya, ta bi hanyar makaranta, ta durƙusa tana tankaɗe yashi da rariya kamar mai neman allura. Aka ce a ƙera wani, sai aka tuna maƙerin garin ya kwashe uwar maƙerarsa ya tafi tun watan jiya. Ranar Talata amalanken su Malam ya tashi da mata da yara da kaya, wurin su Ayashe ya tafi fili, domin Gwaggo Hajo ta zauna a bakin ƙofa ta ce ko za a yanka ta ba ta motsawa. Ina laɓe a bayan danga na ga ƙurar amalanken ta ɓace, na koma Tsibiri na hau turmi ni kaɗai, ina jin na ci nasarar da ba shugaban da ya taɓa ci.

Da yammar ranar ta zo gidanmu. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, ta gaida innata, ta wuce ta zo inda nake. Matar da ta isa ta haife ni ta durƙusa har ƙasa, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, ta kama hannuna mai kumfa.

"Kulu, ɗiyata, ke ka yawo da ita. In kin ga ƙarhen ga wani wuri, hwaɗa min. Ba ni bugun kowa. Ita ɗai ta rage min."

Na dubi gabas ta saman kanta. Hadari ya sake haɗuwa. Na ce a raina kwana ɗaya kawai nake nema, in ruwa ya sauka yau ba mai zuwa ko'ina, gobe sai in ce na tsince shi a bakin tafki, har a yi mini godiya.

"Ban gani ba, Gwaggo."

Iska ta kwashe hadarin kamar kullum. Aka ƙara kwana ɗaya ana nema. Ranar Alhamis mahaifin Ayashe ya ce abin da ya rage musu na ci ba zai kai su Juma'a a garin nan ba, yunwa ba ta san ƙarfe ba. Da hantsi suka fito a ƙafa, tunda amalanke ya riga ya tafi, tafiyar yini guda a cikin ranar nan. Shi a gaba da tabarma da buta, Ayashe a tsakiya da ƙullin kaya a kai, Gwaggo Hajo a baya. Ba ta yarda 'yar ta bi bayanta ba, tunda yanzu ba ta jin tafiyarta sai dai ta gani. Suka wuce ta ƙofar gidanmu. Ayashe ta dube ni, ni ma na dube ta, kalma ɗaya daga bakinta ta isa, amma ta riƙe rantsuwarta ta wuce. Ni kuma na tsaya ina jiran su juyo, don har lokacin ban yarda dabarata ta karye ba. Na ce daga bakin tafki za su komo. Na ce daga kukar kan hanya. Sai da rana ta take tsaka, hanya ta yi fayau, sannan tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ruga Tsibiri na tone tukunya da farce, na zo na zube gaban innata ina kuka, ƙarfen yana kacau-kacau a hannuna.

Na so ta duke ni, da na ji sauƙi. Ba ta taɓa ni ba. Ta dubi ƙarfen ta ce, "Ke kin aza ƙarhe na kinka ɓoye? Hankalin Hajo na kinka sa cikin tukunya." Ummaru yana kasuwa, sai washegari ya dawo. Ya karɓi ƙarfen, ya hau keke ya taka har Isa, ya zagaya tasha, aka ce masa masu irin wannan kama sun kwana a rumfa, yarinyar ba ta ko iya tsayuwa, kuma motarsu ta tashi da safe. Wasu suka ce ta yi Gusau, wasu suka ce ta wuce can gaba. Ya dawo ya miƙo mini abina.

Ban sake hawa Tsibiri ba. Da ruwa ya dawo a shekarun da suka biyo baya, wasu daga cikin masu cin ranin suka komo, ba kuwa wanda ya tambayi jinginarsa. Su Ayashe ba su komo ba. Wani ya ce ƙyanda ta ɗauke ta a wani gari a kudu tun shekarar. Wata mai sayar da daddawa kuma ta rantse ta gan ta bayan shekaru, da goyo, tana sayar da fura. Na yi karatu, na yi shekaru ina koyarwa, na san ƙarfe ba ya riƙe rai, wanda ya ba da ran ne ke riƙe da shi. Amma wannan sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Ni na raba su da amalanke, ni na sa yarinya mai ƙafa kamar kara ta taka har Isa. Kuma ko ta rayu ko ba ta rayu ba, na san duk tarin da ta yi a hanya, duk zazzaɓin da ya taɓa ta, uwarta ƙafar hagun nan ta fara duba.

Yau ina zaune a Sakkwato, gashina ya yi fari. Ƙauyenmu ya sake watsewa, wannan karon ba fari ba ne, ruwa na sauka, gero na yi, masu bindiga ne suka hana a girbe. Mutanenmu na ta shigowa birni da tabarma da buta, in ka tambaye su sai su ce sun ɗan zo ne kafin abubuwa su lafa, yadda iyayenmu ke cewa cin rani. A da in an gudu ana duban sama ana jiran hadari, yanzu ba a ma san ina za a duba ba. Ina zuwa inda suke sauka da abin da ya sawwaƙa, kuma na kama kaina, in na ga mace sa'ata mai tsagar Gobir, sai idona ya sauka kan ƙafarta ta hagu kafin in tambayi sunanta. Ina kewar tudun nan da tsamiyarsa, ina kewar mai ja mini gefen zane in na yi zafi. Ƙarfen yana nan a ƙasan akwatina, naɗe cikin tsumma don kada ya yi ƙara. Duk 'yan ƙasata sun kuɓuce mini, ƙarfen nan kaɗai na iya riƙewa.